Ku tafi da wanda ya san tun yaushe

Har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da manyan cututtukan taɓin hankali. In likita ya ɗebi jini, so yake ya ga ko zazzaɓi ne ko ƙwaya ta rikita mutum. Sauran aikin duk tambaya ce, babbar cikinsu kuwa ita ce: tun yaushe? Littafin DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, bai yarda a kira baƙin ciki babbar cutar damuwa ba sai alamomi 5 cikin 9 sun haɗu har mako biyu, irin su rashin barci, ƙin abinci da tunanin mutuwa. Mai jin muryoyin da babu su, ko ya haƙiƙance ana bin sa da sharri, sai larurar ta kai wata shida kafin a ce sikizofireniya ce. Wannan lissafi sau da yawa mara lafiya ba ya iya riƙe shi. Matar da ta ga ya kwana uku yana zagaya tsakar gida, ko gyangyaɗi babu, ita ke riƙe da shi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an ɗauko kawun da ke wani gari ya raka mara lafiya asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kware, don kawai shi ne babba. Don Allah ku tafi da wanda suke kwana gida ɗaya, kuma in mara lafiyan yana shan tiramol, ku faɗa wa likita.