KUDANCIN BAUCI: MAZAƁAR DA TA SABA KA DA MANYA

Duk wanda ya bar birnin Bauci ta hanyar Jos, ya wuce barikin soja na Shadawanka, ba zai yi nisa ba zai ga gidaje sun fara ƙarewa, gonaki da duwatsu sun karɓi hanya. Daga nan har iyakar Jihar Filato ƙasar manoma ce da makiyaya. Haka abin yake idan mutum ya bi hanyar Das ko ta Gombe. Wannan yanki shi ne mazaɓar ɗan Majalisar Dattijai ta Kudancin Bauci, wadda babban birnin jiha yake cikinta, amma yawancin masu ƙuri'arta mazauna karkara ne.

Ƙananan hukumomi bakwai ne suka haɗu suka yi mazaɓar, watau Bauci da Toro da Alkaleri da Kirfi da Das da Tafawa Ɓalewa da Bogoro. A yamma akwai Toro, ƙasa mai faɗi da tuddai da ma'adinai, wadda aka daɗe ana haƙar kuza a cikinta. A kudu akwai Das a gindin Dutsen Mbula, inda shinkafa da masara suke albarka, sa'an nan Tafawa Ɓalewa da Bogoro. A gabas kuwa kogin Gongola ya ratsa ta Dindima ya nufi Kirfi, kuma a ƙasar Alkaleri ne gandun dajin Yankari yake, da rijiyar man fetur ta Kolmani wadda aka yi bikin fara aikinta cikin Nuwamba 2022. Mazauna wannan ƙasa kuwa ba iri ɗaya ba ne: akwai Gerawa da Jarawa da Sayawa da Fulani da Hausawa da Dugurawa da Zulawa da sauransu, akwai Musulmi, akwai Kirista.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Bauci mutum wajen 494,000, Toro wajen 350,000, Alkaleri kuma wajen 329,000, alhali jimillar ƙananan hukumomin bakwai ta haura miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Ashe ke nan Bauci ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba, ga shi kuma ita kanta tana ɗauke da ƙauyukan Zungur da na Galambi. Ma'anar wannan lissafi a fili take. Ba gari ɗaya ko ƙabila ɗaya da za ta iya naɗa sanata ita kaɗai. Tilas mai nema ya bi kasuwannin ƙauye, ya haɗa kan birni da Toro da Alkaleri, ya kuma sami rabonsa a ƙasar duwatsu ta kudu.

Siyasa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A Bauci ne Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa zaman tattauna al'amuran jama'a tun cikin shekarun 1940, kafin a kafa NEPU cikin 1950. Duk da haka NPC ce ta riƙe yankin a Jamhuriya ta Farko, kuma daga mazaɓar Bauci ta Kudu maso Yamma ne Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansa, ya tafi majalisa a Ikko, ya zama Firayim Minista daga 1957 zuwa 1966. A zaɓen 1964 an ce ya wuce ba hamayya, 'yan adawa kuwa suka yi kukan an hana 'yan takararsu miƙa takardu a wurare da yawa na Arewa. Ya kamata a tuna cewa a wancan zamani matan Arewa ba sa jefa ƙuri'a, sai a babban zaɓen 1979 suka shiga layi tare da maza. A wannan zaɓe NPN ta lashe jihar, wadda aka ƙirƙira cikin 1976, Alhaji Abubakar Tatari Ali ya zama gwamna har soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983.

Mazaɓar ta ɗauki siffarta ta yanzu ne bayan da aka cire Gombe daga Bauci cikin 1996. A zaɓuɓɓukan 1999 da 2003 PDP ta ci kujerar, har wasu suka ɗauka gado ce. Sai ga 2007. Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, bayan shekara takwas a gidan gwamnati, ya nemi kujerar dattijai, amma Bala Muhammad na ANPP, mutumin Duguri, ya ka da shi, a guguwar da ta kai Malam Isa Yuguda gidan gwamnati. Da aka naɗa Bala Ministan Abuja cikin 2010, kujerar ta koma PDP a hannun Adamu Gumba.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Cikin 2015 shi ma Malam Isa Yuguda, wanda ya riga ya koma PDP, ya gama wa'adinsa ya nemi wannan kujera, sai Malam Ali Wakili na APC, tsohon jami'in kwastan, ya ka da shi. Da Allah ya yi wa Wakili rasuwa cikin Maris 2018, aka yi zaɓen cike gurbi a watan Agusta, Yuguda ya sake fitowa a wata ƙaramar jam'iyya, Lawal Yahaya Gumau na APC daga Toro ya yi nasara. Gwamnoni biyu a jere ke nan, kowanne da ƙarfinsa da jama'arsa, talakawan karkara suka mayar da su gida.

Daɗin daɗawa, mutanen yankin sun iya raba ƙuri'a. Cikin 2019 sun bar wa APC kujerar dattijai, amma a zaɓen gwamna da aka ja har zagaye na cikewa, aka kuma yi ta rigima a kan sakamakon Tafawa Ɓalewa, Bala Muhammad na PDP ya ka da gwamna mai ci, Muhammad Abdullahi Abubakar. A wannan shekara ce kuma Yakubu Dogara, Kakakin Majalisar Wakilai daga 2015 zuwa 2019, ya bar APC ya tsaya a PDP, mutanen Bogoro da Das da Tafawa Ɓalewa suka sake zaɓensa. Cikin 2023 Shehu Buba Umar na APC ya ci kujerar dattijai, Bala kuwa ya koma gidan gwamnati a PDP.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Tun 1999 duk gwamnonin Bauci huɗu daga wannan yanki suka fito, har mutanen Katagum da na tsakiyar jiha suna ƙorafin an daɗe ba a ba su ba. Wanda ya sami irin wannan rabo ba shi da bakin cewa an manta da shi, sai dai ya tambayi 'ya'yansa abin da suka yi masa. Ka da manya abin alfahari ne, amma ba shi ne hanyar da za ta kai hatsi kasuwa da damina ba, ba shi ne rijiya ko ɗakin shan magani ko malamin firamare ba. Kuma rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 da waɗanda suka biyo bayansa sun isa darasi a kan abin da ke faruwa idan aka bar 'yan siyasa suka raba maƙwabta da sunan addini ko ƙabila.

Saboda haka kafin ganguna su sake tashi, ya kamata kowace gunduma ta zauna ta rubuta bukatunta, ta ajiye alkawarin kowane ɗan takara a takarda, ta kuma neme shi da ita bayan shekara biyu, ba sai ranar da ya dawo da atamfa da gishiri ba. Mutanen da suka iya tuɓe gwamna sun isa su sa sanata ya yi musu aiki. Allah ya ba da shugabanni na gari, ya kuma zaunar da ƙasa lafiya.