Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawara ga Ɗaliban Kimiyya na Babbar Sakandare

Sanin kowa ne cewa daga watan Maris zuwa Mayu babu abin da ke mulkin birnin Sakkwato kamar zafin bazara, wanda sau da yawa yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. To, a daidai wannan lokaci ne, da 'yan makonnin da ke biye da shi, ɗaliban ajin ƙarshe na babbar sakandare suke fuskantar manyan jarrabawoyi uku a jere: ta neman shiga jami'a wadda hukumar JAMB ke shiryawa, sai ta kammala sakandare ta hukumar WAEC, sannan takwararta ta hukumar NECO. Duk wanda ya leƙa Kwalejin Gwamnatin Tarayya, ko Kwalejin Nagarta, ko Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnati a irin wannan lokaci, zai ga yara riƙe da littattafai, idanu sun yi ja saboda kwanan zaune, kowa na ƙoƙarin haɗiye karatun shekara uku cikin mako shida.

Nauyin da ke kansu ba ƙarami ba ne. Tun daga 1988, lokacin da aka fara jarrabawar kammala babbar sakandare a ƙarƙashin tsarin 6-3-3-4, ɗalibi yakan zauna wa darussa takwas ko tara. Wanda ke fatan karanta aikin likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sai ya sami kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, wato kada ɗayansu ya gaza matakin C6. Darussan kimiyya uku ɗin nan kuwa kowanne na da takardar zaɓin amsa, da ta dogon bayani, da kuma ta gwaji a aikace. Ita kuma JAMB, wadda aka kafa a 1978, tun 2015 ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta: tambayoyi 180 cikin awa biyu, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan.

Ra'ayina shi ne, yawancin yaran da ke faɗuwa ba daƙiƙai ba ne, ba kuma malalata ba ne. Suna wahala ƙwarai, amma ta hanyar da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta aiki da ita. Abin mamaki kuma, hanyar da ta dace tana nan a zauren unguwarsu, sun ma bi ta suna ƙanana.

Bari mu fara da mantuwa. A 1885 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna abin da ya rage masa bayan wani lokaci. Ya tarar cewa cikin awa ɗaya fiye da rabi ya zube, bayan kwana ɗaya kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku kawai ya saura. Amma ya gano wani abu da ya fi wannan amfani: idan aka rarraba maimaitawa a kan kwanaki, abin yakan zauna da ƙarancin wahala fiye da idan aka tara ta a zama ɗaya. Ma'ana, awa shida da aka kashe wa babin lantarki a dare ɗaya ba ta kai awa shida da aka raba cikin makonni uku ba, ko da yake lokacin ɗaya ne.

Sai kuma batun yadda ake yin bitar kanta, kuma a nan ne nake ganin ɓarnar ta fi yawa. Abin da ɗalibanmu ke kira karatu shi ne a buɗe littafin rubutu a bi shi da ido, a sake binsa, har shafin ya zama sananne. Sanin fuskar shafi kuwa daban, iya fito da abin da ke cikinsa daban. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun raba ɗalibai gida-gida, suka ba su ɗan rubutu su koya. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuwa suka karanta sau ɗaya, aka karɓe takardar, aka sa su yi ta rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu rubutowa da ka sun tuna kashi 61. Wani abin lura shi ne, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa da cewa sun iya. Hanyar da ta fi daɗi ita ce ta fi yaudara.

Yanzu mai karatu ya tuna makarantar allo. Malam yakan biya wa almajiri, almajiri ya yi ta karantawa, amma ba a ba shi izinin wanke allo sai ya kife shi ya kawo karatun da ka. Bayan an wanke ma ba a rabu ba, domin akwai tilawa, inda ake komawa baya a bi abin da aka wuce jiya da makon jiya da watan jiya. Mahaddatan da ke fitowa musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar nan ta Sakkwato ta faro a 1986, ba su taɓa jin sunan Ebbinghaus ba, amma babu wanda zai koya musu cewa haddar da ba a tisawa gudu take yi. Kife allo shi ne gwajin kai, tilawa kuwa ita ce rarraba bita. Yaron da ya san wannan a zaure, me ya sa yake ajiye shi a ƙofar makarantar boko?

Sai dai a yi hattara, kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake a haddace Fiziks kamar yadda ake haddace nassi ba. Nassi lafazinsa ake tsarewa, kimiyya kuwa dalilinta ake nema. Ɗalibin da ya haddace dokar Ohm kalma bayan kalma, amma bai san abin da zai faru da hasken ƙwan fitila idan aka jera masa wani ƙwan a layi ɗaya ba, bai san dokar ba, kuma masu tsara tambaya sun ƙware wajen tona irin wannan asiri. Abin da za a aro daga allo shi ne tarbiyyar rufe littafi. Idan an gama babin zagayawar jini, a rufe, a ɗauki farar takarda a zana zuciya da ɗakunanta huɗu, a nuna inda jini ke shiga da inda yake fita, sa'an nan a buɗe a ga inda aka yi tuntuɓe. Idan Lissafi ne, a rufe misalin malam a warware shi daga farko. Bayan kwana biyu a sake, bayan mako a sake, bayan wata a sake. Tambayoyin shekarun baya ma a nan amfaninsu yake, muddin an amsa su kafin a duba amsar da ke bayan littafi, an kuma sa agogo a gaba. Wanda ya fara da duba amsa ya koma bin shafi da ido ne ta bayan gida.

Irin wannan tsari ba ya yiwuwa a mako shida. Shi ya sa nake cewa jarrabawar ajin ƙarshe a ajin farko ake cin ta. Babin ƙwayar zarra da na auna sinadarai da ake koyarwa a shekarar farko su ne harsashin duk Kemistirin da zai biyo baya. Wanda ya bar su da rami zai yi ta faɗawa cikinsa har ranar ƙarshe. A Sakkwato kuma yanayi kansa ya raba mana shekara. Watannin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su ne damina ga mai karatu, lokacin da jiki ke ɗaukar dogon zama. A nan ya kamata a ci ƙarfin babi masu wuya, a bar wa bazara bita kawai. Wannan ba zancen son jiki ba ne. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2020, wanda ya duba sakamakon ɗalibai kimanin miliyan goma, ya nuna cewa a makarantun da ba su da na'urar sanyaya ɗaki, shekarar da ta fi zafi ɗalibai kan koyi abu kaɗan fiye da shekarar da ta fi sanyi. Idan haka ta faru a can, ina ga ajin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a nan? Idan bazara ta zo, awa biyu bayan asuba sun fi awa huɗu na tsakar rana, kuma a riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya matsa.

Kwanan zaune fa? A ganina babu al'adar da ta fi ta cutar da ɗalibi, ga shi kuma ita ce ake yi wa kallon jarunta. Tun 1924 wasu masana biyu a Jami'ar Cornell, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa wanda ya koyi abu ya kwanta barci yakan fi tuna shi bisa wanda ya koya ya ci gaba da harkokinsa na tsawon wannan lokaci. Binciken da ya biyo baya ya bayyana dalili. Akwai wani sashe a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, wanda ke riƙe sabon abin da aka koya na ɗan lokaci, kamar ɗan rumbun wucin gadi. A cikin barci mai nauyi ne yake maimaita abin, ana ƙarfafa shi a sauran sassan ƙwaƙwalwa inda zai daɗe. Wanda ya hana kansa barci ya yi girbi ne ya bar dami a gona. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa takwas zuwa goma a kowace rana. Na san da wuya ɗan ajin ƙarshe ya cika wannan, amma tsakanin awa bakwai da awa uku akwai tazara mai nisa.

Goro da kofi da shayi mai kauri ba sa biyan wannan bashi. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana toshe wurin da wani sinadari mai suna adinosin ke sauka ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ta gaji. Gajiyar na nan, saƙon ne kawai aka tare. Kuma bayan kimanin awa biyar rabinsa na nan cikin jini, don haka goron la'asar yana iya lalata barcin dare. Ƙwayoyi irin su tiramol kuwa, da wasu ke raɗa wa yara cewa suna ƙara ƙarfin karatu, ba su da abin da suke ƙarawa sai jaraba da haɗarin farfaɗiya.

Akwai uzurin da ake yawan kawowa game da takardar gwaji a aikace, cewa makarantu da yawa ba su da isassun kayan ɗakin gwaje-gwaje, wasu yaran ma sai ana saura kwanaki suke fara taɓa kwalbar awo. Gaskiya ne, kuma hakki ne a wuyan hukuma. Amma kafin hukuma ta motsa, akwai abin da hannu zai iya. Zare mai tsawon mita ɗaya da ɗan dutse a ƙarshensa, a rataye a ƙofa, ya zama lilon gwaji: a ƙirga kai-da-komowa 20, za a samu kusan daƙiƙa 40, wato daƙiƙa biyu kowanne. A rage tsawon zaren sau huɗu ko biyar ana rubutawa, a zana jadawali, a fitar da ƙarfin jan ƙasa, a ga ko zai kusanci 9.8. Wannan shi ne ainihin aikin da ake tambaya, har da zaɓen ma'auni da ja layi. Ruwan zoɓo ma ma'auni ne: a ɗiga masa lemon tsami ya ƙara ja, a ɗiga masa ruwan kanwa ya juya zuwa kore. Yarinyar da ta ga wannan a madafin gidansu ba za ta rikice ba ranar da aka ce ta lura da sauyin launi.

Game da cibiyoyin nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa yaro amsa a allo, ba zan tsawaita ba. Doka ta 33 ta 1999 ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba ga ɗan ƙasa da shekara 18 da aka kama da satar amsa, kuma hukumomin jarrabawa na soke sakamako. Amma hukuncin da ya fi tabbata yana jira a shekarar farko ta jami'a, inda Kemistiri da Lissafi ke tambayar mai kiredit ɗin aro abin da bai taɓa sani ba.

Saura iyaye, domin rabin wannan tsari a hannunsu yake. Ɗaliba mace ta fi kowa shan wahala a nan: ta dawo makaranta ta tarar da wanke-wanke da girki da reno, sai dare ya raba take samun littafi, daga nan a ce ba ta da ƙoƙari. Awa biyu da aka keɓe mata kullum, waɗanda ba a aiken ta a cikinsu, sun fi kuɗin darasin ƙarin lokaci da za a biya a watan ƙarshe. Haka nan fitila mai aiki da hasken rana, saboda ranar da aka ɗauke wuta. Uban da bai yi boko ba ma yana da rawar takawa, domin ya san aikin mai karɓar hadda: ya ce wa yaro ya rufe littafi ya bayyana masa da Hausa yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana. Idan yaron ya kasa faɗa da harshen uwarsa, to da Turancin ma bai gane ba, sai a koma babin. Kuma kafin watan jarrabawar JAMB, a nema masa inda zai zauna gaban kwamfuta ko da sau uku ne ya amsa tambayoyi da agogo, don kada ranar jarrabawa ta zama ranar da ya fara neman inda harufa suke.