Kurege a Idon Maharbi

Duk shekara idan damina ta faɗi, manoman gyaɗa da masara daga Kurmin Kogi har zuwa Gazara da Likoro kan fara kuka da abokin gaba guda: kurege. A shuka iri da safe, kafin la'asar ya bi layi rami bayan rami ya tone, kamar shi ya riƙe sungumin. Ni da na daɗe ina yawon farauta a dazukan Ikara da Makarfi da Kudan ba zan wanke shi daga wannan laifi ba. Abin da nake ja da shi shi ne maganin da muka koma yi masa, wato barbaɗa guba a hatsi a watsa a bakin gona.

Maharbi ya san kurege ta hanyar da manomi bai damu ya sani ba. Dabbar rana ce. Ba ya fitowa sai hantsi ya dubi ludayi, musamman lokacin hunturu, idan kuma rana ta take sai ya koma inuwa. Raminsa yakan kasance a gindin bishiya ko cikin tsohon suri ko tsakanin duwatsu, kuma da wuya ka same shi da ƙofa ɗaya. Shi ya sa yaron da ya tsuguna yana hura hayaƙi a baki guda, bai toshe sauran ba, yake komawa gida da jajayen idanu kawai. Idan kurege ya ji motsi, sai ya miƙe a kan ƙafafun baya ya duba, sannan ya ruga, ya ɗan tsaya ya waiwayo, ya sake rugawa. Wannan 'yar tsayuwa ita ce duk damar da mai gwafa ko mai kare yake da ita. Abin da ya tona kuma ba duka yake ci ba. Yana binne wani don gobe, ya manta da wasu, su tsiro. Ba banza tatsuniyoyinmu suka ba shi wayon da yake wasa da hankalin kura ba.

Daga nan ne maharba suka fitar da ƙa'idoji biyu da nake jin tun ina bin manya daji. Ba a zura hannu a ramin kurege, domin maciji kan gaje shi. Kuma kuregen da ya gan ka bai gudu ba, ba naka ba ne: ko ciwo ne da shi, ko ya ci wani abu. Ƙa'ida ta biyun ce guba ta mayar da ita batun rai da mutuwa, domin yaran da ke bin gonaki da karnuka ba su san ta ba. Su dai sun tsinci nama a sauƙaƙe. Kare ya ci, shaho ya ci, zabin gida su tsattsage ragowar hatsin.

Amurka ta riga mu bin wannan hanya. Suna da wani ɗan'uwan kurege a filayen ciyawarsu, wanda sunansa a Turanci ke nufin karen fili saboda kukansa mai kama da haushi. Shi zaman gari yake yi, ramuka dubbai a haɗe, idan ɗaya ya hango shaho ko mutum sai ya yi kuka kowa ya nutse. Makiyaya da hukuma suka shafe shekaru suna zuba masa guba, har wata dabba mai kama da tunku, wadda kusan shi kaɗai ne abincinta, ta ɓace aka ɗauka ta ƙare, sai a 1981 aka sake gano 'yan kaɗan a jihar Wayomin. A 2003 kuma, dabbobin da aka kai daga Gana, har da gafiya irin tamu, aka ajiye su kusa da waɗannan kuregu a wurin masu sayar da dabbobin kiwon sha'awa, ƙyandar biri ta bi ta jikinsu ta kama mutane da dama. Ashe ƙa'idar tsofaffinmu game da dabba marar kuzari ba camfi ba ce.

Ɓarnar da kurege ke yi wa irin da aka shuka ta 'yan kwanaki ce, tsakanin shuka da lokacin da tsiro ya yi ƙarfi. Tarko a bakin rami da hantsi, da gadin gona na mako biyu, sun ishe shi. Haka masu rake a fadamun Makarfi da Hunkuyi suke yi da gyazbi tun da can: su bi hanyar da ya saba bi cikin ciyawa su ɗana masa tarko, su tsira da rakensu, su kuma sami nama mai tsabta. Kusan kowane gari a yankin nan yana da sarkin baka da yaransa. Ina ganin kafin shukar bana, ya kamata masu unguwanni da malaman gona na ƙananan hukumomin uku su zauna da su, a raba gonakin da kurege ya fi addaba, a sa musu ladan da bai wuce kuɗin da ake kashewa a kan gubar ba.