FILIN MOTA DA DIREBA: Rage Tafiyar Sandar Giya

Akwai wani kwaskwarima da samari masu mota ke kai wa makanikai a garejojin Ƙetaren Gwari da ke Minna, watau a rage musu nisan da sandar giya ke yi daga wannan giya zuwa waccan, domin hannu ya riƙa sauya giya da hanzari. Abin ba sabo ba ne a duniya. A Amurka kamfanin Hurst ya yi suna da ƙera irin wannan sanda, har motar Pontiac GTO ta 1964 ta fito da ita tun daga masana'anta. To, amma wancan aikin injiniyoyi ne da awo, ba na zarto da walda ba.

Ga yadda al'amarin yake. Sandar giya tana juyawa ne a kan wata dunƙulalliyar gaɓa da ke ƙarƙashin robar da ta rufe gindinta. Sashen sama shi ne na hannun direba, na ƙasa kuwa shi ke tura sanduna ko wayoyin da suka tafi giyabos. A misali, idan na sama inci 12 ne, na ƙasa inci 3, to, sai hannu ya yi tafiyar inci 4 kafin ƙasan ya motsa inci 1. In aka ƙara na ƙasa ya zama inci 4, tafiyar hannu ta koma inci 3 ke nan. Sai dai ba a samun wannan a banza, gama ƙarfin da hannu zai sa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Wanda kuwa ya datse kan sandar kawai, ya rage tsawonta ne, ya kuma ƙara wa kafaɗarsa wahala.

A cikin giyabos akwai wasu zobba na tagulla waɗanda aikinsu shi ne daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga. Su ba su san an gajarta sanda ba, lokacinsu suke bukata kamar dā. Direban da ya riƙa cusa giya da ƙarfi domin ya ga sandar ta matso kusa, zobban nan yake cinyewa, sa'an nan a fara jin ƙara, daga bisani giya ta riƙa fita da kanta ta koma firi. A nan gyaran ya wuce na sanda, sai an sauke giyabos ɗungum.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne na walda. Duk wanda ya san hanyar Minna zuwa Suleja ko ta Bida ya san yawan tankoki da tireloli da ke binsu. Idan direba ya fito zai wuce tirela, ya nemi giya ta uku, waldar ta ɓalle a hannunsa alhali wata motar na tahowa, ba shi kaɗai abin zai shafa ba, har da fasinjojin da suka ba shi amanar rayukansu.

Sau da yawa ma ba tsawon sanda ne laifin ba. A tsofaffin motocin haya irin su Golf, robobin da ke gaɓoɓin sandunan giya ne ke cinyewa, sai sandar ta riƙa lilo. Sauya su ya fi araha, giya kuma ta koma daidai. Haka nan a duba kuloci da man giyabos.

Wanda ya nace sai ya yi, to, ya nemi sandar da aka ƙera domin irin motarsa, kada ya yarda da haɗin walda. Bayan an ɗaura, a gwada kowace giya har da ribas, mota na tsaye, kana a zagaya cikin gari kafin a hau babbar hanya. Ya kuma adana tsohuwar sandar, ko ya bukace ta. Masu iya magana dai sun ce sauri ya haifi nawa.