Ba Kowace Mantuwa Ba Ce Tsufa

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ya kamata mu daina yarda da ita. Da zarar an bugo waya daga gida an ce Baba ya fara rikicewa a lissafin kasuwa, ko Inna tana maimaita tambaya sau uku, sai mu ce, "Ai tsufa ne." Wasu ma su ce sammu ne, a kwashi kuɗin da muka tura a kai wa boka. Wanda bai shiga aji ba yana da uzuri. To mu da muka tsallako teku neman ilimi fa?

Ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan jijiyoyin jini, wasu ba su kai kaurin gashi ba. Hawan jini da ciwon suga da shan taba suna sa bangon waɗannan jijiyoyi ya yi kauri, hanyar ta tsuke, jini ya daina isa inda ake buƙatarsa. Daga nan sai ƙananan wurare su riƙa mutuwa a hankali, ba faɗuwa, ba shanyewar ɓarin jiki, babu wanda ya lura. Abin da iyali ke gani kawai shi ne nauyin tunani, kasa tsara al'amura, jan ƙafa wajen tafiya, da sauyin hali. Bayan cutar Alzheimer, matsalar jijiyoyin jini ce ta biyu wajen haddasa gigin tsufa.

Mu da ke Pleasant Garden da Greensboro, hujjar tana maƙwabtanmu. A Jami'ar Wake Forest da ke Winston-Salem aka jagoranci binciken SPRINT MIND, wanda ya ƙunshi mutum 9,361 masu hawan jini. Sakamakon da aka fitar a 2019 ya nuna cewa waɗanda aka yi ƙoƙarin sauke awon jininsu na sama ƙasa da 120, maimakon 140, sun samu ragin kashi 19 cikin ɗari na raunin tunanin da kan gabaci gigin tsufa. Hoton ƙwaƙwalwarsu kuma ya nuna lalacewar ba ta yaɗu da sauri kamar ta sauran ba.

Wani zai ce abin da ya lalace ba ya dawowa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa sakacin ya fi muni. Ɓarnar tana farawa tun mutum yana ɗan shekara 40 ko 50, lokacin da yake jin garau, ya sha magani na wata ɗaya ya ajiye, ya koma wa jiƙon mai lasifika a bakin tasha.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Karolina ta Arewa tana cikin jihohin kudu maso gabashin Amurka da suka yi ƙaurin suna wajen shanyewar ɓarin jiki, ga abincin gwangwani, ga dunƙule uku a tukunya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5.

Muna tura wayar salula da kuɗin biki, amma na'urar awon hawan jini, wadda ba ta kai kuɗin wayar ba, ta gagare mu. A tura ta gida, a ɗora wa ƙani ko ƙanwa alhakin auna iyaye da rubuta lambar kowane mako, a kai wa likita. Ƙungiyarmu kuma ta ajiye ɗaya a zauren taro, kowa ya miƙa hannu kafin a zuba tuwo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.