Lambunan Ngadda: A Buɗe Wa Mai Saye Ƙofa Ya Tsinka Da Hannunsa

MAIDUGURI — Wanda duk ya bi gaɓar Kogin Ngadda cikin watan Afrilu, daga madatsar ruwa ta Alau zuwa cikin gari, zai tarar da lambunan iyali cike da mangwaro ya nuna, ga itatuwan gwaba da lemo, ga fangalan salak da alayyafo. Maigida yana ban ruwa, 'ya'yansa suna korar tsuntsaye. Baƙo in ya yi sallama akan tsinko masa 'yan ƙwarori kyauta, amma ciniki sai da ɗan sari. A nan asarar mai lambu take farawa.

Sanin kowa ne cewa mangwaro ba ya jiran kasuwa. Yana nuna ne a lokacin da zafin Maiduguri yake haura digiri 40, kuma ƙananan manoma ba su da ɗakin sanyi. Saboda haka mai lambu yakan sallama kayansa a kan farashin da aka taya. In kuwa ya zaɓi kai su Kasuwar Monday ko ta Gamboru da kansa, sai ya biya masu tsinka, ya sayi kwanduna, ya biya kuɗin mota da la'adar dillali, sannan ya zubar da abin da ya ruɓe a hanya.

A Ingila da Amurka masu gonakin tuffa sun daɗe da samun mafita: mai saye ya zo da iyalinsa, ya tsinka da hannunsa, a auna, ya biya a bakin ƙofa. Lissafin a fili yake. Kuɗin tsinka da na sufuri sun faɗi, ribar da ke tsayawa a hannun dillali kuma ta rabu tsakanin mai lambu da mai saye. Bugu da ƙari, an sayar da inuwa da shan iska, hajar da ba ta ƙarewa.

Maiduguri tana bukatar wannan haja. Ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau, ta mamaye babban ɓangare na birnin, ta shafe gonaki da lambuna, ta kuma hallaka mafi yawan dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, inda iyalai suka saba zuwa ranar Sallah. Mai lambun da ya sake dashe bayan wannan musiba ya cancanci ya ci moriyar kowane ƙwayar da itacensa ya haifa.

Batun furanni kuwa yana son hattara. Yankakken fure ba shi da babbar kasuwa a nan, amma dashen furanni na ƙawata gidaje da otal-otal yana da masu saye, haka ma ganyen lalle, wanda bikin aure a Borno ba ya cika sai da shi.

Masu shakka za su ce baƙi za su karya rassa, su ci fiye da abin da suka biya. Gaskiya ne, amma maganinsa ba ya buƙatar jari mai yawa: ɗan kuɗin shiga, sikeli a bakin ƙofa, rubutaccen farashi, da yaro ɗaya mai rakiyar kowace tawaga. Abin da ya fi wuya shi ne kunya, domin mutumin kirki yana jin nauyin karɓar kuɗi daga baƙonsa. Sai dai kyauta daban, kasuwanci daban.

Abu biyu ne suka fi ƙarfin mai lambu: ruwa da tsaro. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau; wajibi ne aikin ya haɗa da hanyoyin ban ruwa na ƙananan manoma. Haka nan, babu magidancin da zai kai 'ya'yansa wurin da hankalinsa bai kwanta ba, don haka lambunan da ke dab da gari ne ya kamata su fara gwaji. Bankuna kuma su duba: bashin injin ban ruwa da shinge ƙarami ne, itacen mangwaro kuwa yakan ciyar da jikokin wanda ya dasa shi.