Ku Daina Korar Masu Kamara a Hausari

Jama'ar Hausari, maganata da masu korar yaranmu ne in sun ɗaga kamara a unguwa. Fati Abubakar 'yar garin nan ce. A 2015 ta fara Bits of Borno, tana ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta, lokacin da duniya ba ta san Maiduguri da komai ba sai tashin bam. Har New York Times ta ba da labarin aikinta. Mu kuwa a majalisa sai tsaki.

Wai hoto haramun ne. To Alhaji, fasfon da ka je Makka da shi, hoton wa ke ciki? Malamai sun yi saɓani kan hoton kamara, kar ka mai da saɓani ijma'i. Abin gudu shi ne ɗaukar mutum ba izininsa, ko tona asirin mabuƙaci.

Monday Market ta ƙone a 2023. Ambaliyar Alau ta 2024 ta tafi da hotunan gidaje da yawa. Dattawan da suka san yadda kakanninmu suka zo garin nan fatauci suna ta ƙarewa, ba a naɗi muryarsu ba. Ku buɗe wa yaran nan zaure su ɗauka.